Kifayena a Kwalbar Alewa

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, ina ɗinki a Funtua, wani maƙwabcina Bayarabe ya kawo mini kifayen ado huɗu daga Ikko, ƙanana masu jan bindi. Na zuba su a ƙatuwar kwalbar alewa.

Da rani rijiyarmu ta ja baya. Yayana ya zo daga Maska ya gan su, ya ce, "Mutane na neman na sha, kai kana kiwon kifin da ba a ci? Zubar da su."

Na ce, "Yaya, ruwan wankana nake rage musu. Ba zan zubar ba."

Ya tafi cikin fushi. Kafin damina ta faɗi ɗaya ta haihu, sai da na nemo kwalba ta biyu.