Kunyar Ɗan Fari a Chicago

Innarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Gwandu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye, in kuma dole ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko da yana tsugune gabanta yana gaishe ta. Ana yaye shi aka kai shi Kalgo wurin kakarmu ta wajen uwa. Can ya girma, daga can karatu ya ɗauke shi har Amurka. Ni kuwa auta ce, 'yar lele, mai baki kamar reza. Tun ina ƙarama ni ce 'yar aike tsakanin Inna da wancan, kuma ban taɓa isar da saƙo ban ƙara masa gishiri ba.

Da matar Yaya ta haihu, sai ya aiko mu je Chicago, ni da Inna. Bayan an sha suna an huta, ya ɗauki hutu a wurin aiki ya ce yau za mu ga gari. Mai jego ta zauna gida da jaririnta. Muna shirin fita ya ja ni kicin, ya sassauta murya.

"Auta, taimakona za ki yi yau. Hoto nika so, ni da Inna, mu biyu. Ga ni da hurhura, ga ni da ɗa, amma ban da hoto ko guda da uwata." Ya juya cokali a hannu. "Kuma ina so in san ko tana murna da ni. Ko a huska ne in gani."

Na yi dariya na ce ya bar mini, wannan ƙaramin alhaki ne. Amma maganar ta taɓa ni, don ban taɓa tunanin abin yana cin babban mutum kamarsa ba.

Muka shiga jirgin ƙasan da ke bi ta saman tituna. Na yi wuf na zauna a kujera mai cin mutum ɗaya, ya rage sai gurbin da ke gefen Yaya. Inna ta dubi gurbin, ta dube ni, ta kama ƙarfe ta tsaya ƙyam. Jirgi yana tangaɗi tana tangaɗi, har wata budurwa ta tausaya ta tashi ta ba ta wuri. Ni kuwa harara na sha.

A tsakiyar gari benaye suka rufe mu, sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi ba ka ga ƙarshensu ba. Yaya ya yi kwanaki yana haddace tarihinsu. Tun da ba dama ya fuskanci Inna, ni ya riƙa yi wa jawabi da ƙarfi, kamar na kurumce.

"Auta! Kin ga wanga bene? Wani lokaci gajimare na ruhe kainai!"

Inna ta ɗan ɗaga ido ta sauke. "Ki tambaye shi, in indararo ya toshe, wa ka hawa shi gyara?"

Na juya na ce, "Yaya, Inna ta ce abin ya burge ta."

"Ban ce ba," in ji Inna.

A bakin babban tabkin garin ma haka. Ruwa ne iya ganinka, shuɗi shar, ba ka hango ɗaya gaɓar. Yaya ya ce mini ba teku ba ne, ruwan daɗi ne, da shi duk garin ke sha. Inna ta daɗe tana kallo, har na ɗauka yau dai an kama ta. Sai ta taɓe baki. "Ruwa haka, ba mai taru ko guda? Ragwaye na. Da Kalgo ta, da kihi ya kai har bisa titi."

Na fara ɗana tarkona a wani dandali inda aka girke ƙaton ƙarfe mai sheƙi, wanda Inna ta ce ƙwarya ce aka kife. Kowa yana ganin kansa a jikinsa. Na tsayar da Inna, na ƙifta wa Yaya ido ya lallaɓo ta baya. Na manta abin madubi ne. Tun daga nesa ta hango shi yana sanɗa, ta goce kamar wadda ta ga kunama. Abin da wayata ta kama shi ne gefen mayafinta da kunnen Yaya guda.

Ban karaya ba. Na tari wani bawan Allah na ba shi waya ya ɗauke mu mu uku, ni a tsakiya, don haka kaɗai Inna ke yarda. Dabarata ita ce yana cewa mu yi murmushi in duƙa kamar igiyar takalmina ta kwance. Na duƙa kuwa. Sai na ji numfashi a kunnena. Inna ce ta duƙo tare da ni. "Bari in taya ki, 'yar nema," ta ce a hankali. Hoton yana nan har yau: Yaya tsaye shi kaɗai yana washe baki, ga duwawu biyu a gefensa.

Da rana ya kai mu cin wata waina mai kauri, cike da cuku da tumatir, wadda ya ce garin ke taƙama da ita. Inna ta juya kujerarta ta fuskanci bango, don ba za ta tauna abinci a gabansa ba. Ta ci sosai, na gani da idona. Da ta gama ta ce in gaya masa mai wainar ba ta iya sa yaji ba.

Bayan mun yi azahar a gefen wani lambu, na lura Yaya ya daina jawabi. Inna tana lazimi, ya matso kusa da ni.

"Bar shi hakanan, Auta. Ƙila ni ɗan Kalgo na kawai. Ke aɗ ɗiyatta."

Da dariya ya faɗa, amma dariyar ba ta kai ido ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je na tsuguna gaban Inna na ce, "Inna, kunyag ga ta yi yawa. Nan Amurka ta, ba mai ganinki."

Ba ta ko ajiye carbi ba. "Allah na gani na. Wa yas sa bakinki?"

Abin da ya rage shi ne jirgin ruwan da ke zagayawa da baƙi a kogin da ya ratsa gari. Da don ni ne da mun koma gida, amma Yaya ya riga ya kama mana wuri. Muka hau sama inda ba rufi. Inna ta zauna a benci kusa da wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi. Iska tana kaɗawa da sanyi, sai Yaya ya ce in zo in taya shi ɗauko shayi a ƙasa. Muna tafiya na ga tsohuwar ta zaro waya tana nuna wa Inna hoton wani saurayi, tana dafa ƙirjinta, alamar ɗanta ne.

Layin shayi ya yi tsawo. Da muka karɓa, sai muka hawo ta matakalar baya, wadda ke ɓullowa daidai bayan bencinsu. Yaya yana gaba. Kwatsam ya tsaya cak, har na kusa sheƙa masa shayi a baya. Na buɗe baki zan yi tsiya, sai na ji muryar Inna.

Hira take yi wa Baturiyar, da Hausa tsantsa, hannunta bisa gwiwar matar. Ashe ta yi lissafinta: wadda ba ta jin Hausa, ba a jin kunyarta.

"Wanda yat tashi yanzu, mai dogon wuya, nau na. Shi an na hwari. Kalgo na haihe shi, shekarad da gulbi yac ci gonaki. Da anka yaye shi anka raba mu, sai in ce za ni sayen kihi, in hau mota tun daga Gwandu. Wane kihi? Bayan darni nika laɓewa in ga wucewatai makaranta, in koma. Yanzu in ya bugo waya, auta nika miƙa ma, in tsaya bayan ƙyaure ina sauraren muryatai."

Baturiyar tana ta gyaɗa kai, tana cewa "oh, oh", ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba.

"Yau tun sahe shina nuna man benaye. Wallahi ban ga ko guda ba, ƙeyatai nika kallo. Ya rame kaɗan. Amma kin ga yadda shika tahiya? Bai taɓa sa ni kuka ba, baiwar Allah. Ko sau guda. Allah shi yi mai albarka." Sai ta faɗi sunansa. Cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana zuma. Ta sake faɗa. Tun da nake, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har ya yi mini kamar na wani.

Na leƙa fuskar Yaya. Hawaye yana bin gemunsa. Shaiɗan ya raya mini in yi tsalle in ce "Mun ji! Mun ji!", don irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Yaya ya san hali. Ya girgiza mini kai, ya juya, muka sauka da sanɗa. Ya wanke fuska, muka zagaya muka hawo ta matakalar gaba, yana gyaran murya tun daga nesa kamar mai shiga gidan surukai.

Muka tarar da Inna ta gyara mayafi tana kallon ruwa, fuska a ɗaure. Tsohuwar ta tari Yaya da Turanci, ta ce mahaifiyarsa ta ba ta dogon labari mai daɗi, don Allah me ta ce?

Yaya ya dube ni. "Auta, tambayi Inna mi tac ce ma baiwar Allah."

Na tambaya, ina cije leɓe.

"Albasa," in ji Inna, ko ƙiftawa babu. "Noman albasar Gwandu nika hwaɗa mata."

Yaya ya fassara daidai yadda aka ba shi. Tsohuwar ta dubi Inna, ta dube shi, ta ce lallai albasar garinku da ƙarfi take, tun da labarinta ma yana sa hawaye. Wannan kam ba wanda ya mayar wa Inna da shi Hausa.

Jirgi ya ci gaba da ratsa benaye, mai jawabi yana ta zuba a lasifika. Yaya ya zauna a ƙarshen benci, Baturiya a tsakaninsu, ya riƙe shayinsa bai kurɓa ba. Can Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu, idonta na kan ruwa.

"Yayanki ya yi kurum. Ki tambaye shi ko lahiya."

Ban kai ga tambaya ba ya amsa, shi ma ruwan yake kallo.

"Ki ce mata lahiya lau. Ban taɓa jin lahiya irin ta yau ba."