Ni da Awaki a Talabijin

Har in koma ga Ubangijina ba zan manta da Alhamis ɗin da aka fara nuna ƙwallonmu a talabijin ba. Ku da ake cewa za ku riƙe fili idan an sake tayar da gasar, ku matso ku ji daga bakina, don in kuka ji a bakin wasu, da ƙari za su ba ku.

Gasarmu ba ta manyan jami'o'i ba ce masu filin ciyawa da fitilu. Ta ƙananan kwalejoji ce: masu koyon jinya, masu koyon lissafi, masu gyaran lantarki, da masu shirin zama malamai. Su suka haɗu suka yi ƙungiya. A sama akwai shugaba, wanda ba a ganinsa sai ranar ba da kofi. Ƙarƙashinsa sakatare, shi ne jakin aikin. Sai alƙalan wasa, sai ni a can ƙasa, mai kula da fili. Ni ke yayyafa ruwa don ƙasa ta kwanta, ni ke zana layi da farar ƙasa, ni ke ɗaura raga in kwance ta, ni ke korar awaki, ni ke dafa shayi. Filin yana yammacin Omdurman, bayan Kasuwar Libiya. Ba shi da katanga, kuma hanyar maƙabarta ta gefensa ta bi.

Sakatarenmu Ustaz Bashir ne. Bahaushe ne, jikan alhazai kamar ni, kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan a hanyar hajji. Shekaru ya yi yana yawon gidajen talabijin da jakarsa a hammata. Manyan gidajen sai su ba shi shayi, su raka shi ƙofa. Ana nan, ana nan, sai wani ƙaramin gida a tsallaken kogi, cikin Khartoum, ya ce ya yarda.

Bari in fayyace muku yadda irin wannan ciniki yake, don ni ma sai da aka fayyace mini. Gidan talabijin ba ya ba ƙananan gasa komai daga aljihunsa. Wani kamfani ake nemowa, namu na lemon kwalba ne, shi zai ɗauki nauyin nunawa don a ga sunansa. Amma sai an yi wasan gwaji guda. In mai kamfani ya gani ya gamsu, a sa hannu na shekara. In bai gamsu ba, shi ke nan. Kuma kwalejojin sun riga sun gaya wa Ustaz Bashir cewa sun gaji da ɗaukar gasar a wuyansu, in wannan bai yiwu ba kowa ya kwashi rigunansa. Ka ga ke nan aikinsa da nawa duk a kan wasa ɗaya suka rataya.

Lokacin da aka ba mu bayan azahar ne, rana tana tsakar kai, don yamma ta manyan kulob ce. Sharaɗi kuwa ɗaya aka nanata: hoto kada ya yanke, wasa kada ya tsaya.

Na ce, “Ustaz, in gawa ta wuce fa?”

Ya ce, “Haba Hajja, ki yi mana fatan alheri. Yau ɗaya dai babu wanda zai mutu.”

Ni dai ban san da wa ya yi wannan alkawarin ba.

Dalilin tambayata, ku yaran yanzu sai an gaya muku. A filinmu, tun kafin in zo, in aka wuce da gawa wasa tsayawa yake. Maza su je su sa kafaɗa, ko taku kaɗan ne, sannan su dawo. Ba a rubuce yake ba, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Ranar wasa suka iso da motarsu mai faranti a ka. Shugabarsu wata budurwa ce, Ustaza Nahid, mai shirya shirin, da takalmi mai tsini da waya biyu a hannu. Kyamara ɗaya ce tak, aka ɗora ta a kan wani tsani na ƙarfe tare da mai riƙe ta. Mai sharhi kuwa bai zo ba. Yana can ɗakin sanyi a Khartoum, abin da kyamara ta gani shi yake gani, a kansa yake magana. Aka kakkafa sanduna a gefen fili, aka ɗaure dogayen yaduka masu ɗauke da sunan lemon. Aka ajiye wani abu baƙi kamar taɓarya a bayan raga. Na tambaya, aka ce mini kada in taɓa. Ban taɓa ba.

Masu jinya ne suka kara da masu lissafi. Aka je hutu aka dawo babu wanda ya ci. Can sai wani ɗan lissafi ya kwashe ƙafar ɗan jinya a gaban gida, alƙali ya busa fanareti. Ya ɗora ƙwallo a kan ɗigon da na zana da hannuna. Fili ya yi tsit. Ustaz Bashir ya riƙe ƙirji, don irin abin da mai kamfani ke son gani ke nan.

Sai muka ji, daga can bakin hanya, “La'ilaha illallah.”

Mutum huɗu ne ɗauke da gawa a kan gadon igiya. Huɗu kacal, babu na biyar da zai karɓi wani. Daga jar ƙasar da ke jikinsu ka san leburorin bulo ne, baƙi, sun ɗauko ɗan'uwansu daga nesa. Kafaɗunsu har rawa suke.

Golan masu lissafi ne ya fara cire safar hannu. Wasu sun ce tsoron fanareti ne, ni dai ban shiga zuciyarsa ba. Mai bugun ya bi shi. Kafin ka ce me, fili ya zube ya nufi hanya. Alƙali ya duba ya ga ba maganar taku kaɗan ba ce, mutanen nan ba su da masu yi musu salla. Ya daka tsawa, “Ya shabab, ku samari, da gajeren wando za ku tsaya gaban Allah?” Nan take yaran suka afka wa yadukan kamfani, suka kwance, suka yayyaga, kowa ya ɗaura a ƙugu kamar zane.

Alƙali ya juyo gare ni ya ce, “Habboba, ƙwallon nan amana ce. Kada ta motsa daga inda take.” Habboba, wato kaka, haka duk yaran ke kirana.

Mai kyamara ya saita abarsa a kan fili ya sauko. Mai kula da wayoyin mota ya bi shi. Ustaza Nahid ta fito tana ihu, “Ya jama'a, kai tsaye muke! Kai tsaye!” Ustaz Bashir ya tsaya a tsakiya, ya dubi kyamara, ya dubi gawa, ya sake duban kyamara. Sai ya tattare jallabiyarsa ya ruga bayan gawa. Tun da nake ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ran nan.

Mata ba sa bin gawa. Fili ya rage daga ni sai Ustaza. Tana ta faɗa wa waya, “Kada ku yanke, yanzu za su dawo, kada ku yanke!” Su ma can gidan talabijin ba su da abin sawa, don babu wanda ke tanadin komai saboda shirin bayan azahar.

To, awakin unguwar nan hayaniyar wasa ce kaɗai ke tsare su. Da suka ji shiru, sai ga su. A gaba akwai wata baƙa mai karyayyen ƙaho. Na san ta, na san uwarta. Babu abin da take so a duniya kamar raga. Na ɗauki tsintsiyata mai doguwar ƙota na shiga fili.

Ni a sanina, inji in mai shi ya tafi, barci yake. Ban san yana kallona ba.

Abin da mai sharhi ya yi ta faɗa, daga baya maƙwabta suka kawo mini, da Larabci ya yi, ni kuma ga shi da Hausa. Da farko wai ya yi ta yabon tarbiyyar matasanmu, har yabon ya ƙare. Ya koma kan tarihin ƙwallo, shi ma ya ƙare. Sai ya ga awaki, ya ga tsohuwa. Bawan Allah ya yi gyaran murya ya kama aikinsa.

“Masu kallo, baƙi sun shigo da 'yan gaba uku. Mai tsaron baya ɗaya ce, amma gogaggiya ce. Ga baƙar ta ɓullo ta dama! Hajja ta tare! Ta yanke ta hagu! Hajja ta sake tarewa! Ya salam, ina manyan kulob suke ba su ga wannan ƙafa ba!”

Ni kuwa ina tsakanin amana biyu. In na je ceton raga, 'yan ƙanana su nufi ƙwallo suna shinshina. In na dawo kan ƙwallo, baƙar ta kama raga da haƙori. Takalmina ɗaya ya fita. Mayafina ya zame na kama shi da baki. Ustaza Nahid, Allah Ya yi mata albarka, ta ga abin ya fi ƙarfina, ta tuɓe takalman tsinin ta shigo da waya a kunne. Wani bunsuru ya bi ta har tsakiyar fili. Mai sharhi ya ce an yi canji, an sako matashiya, amma ba ta da horo.

Yanzu ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Ni mace ce da unguwa ta sani ba na ɗaga murya. Amma da baƙar nan ta yagi raga, na tsaya daidai kan baƙin abin da aka ce kada in taɓa, na ce mata da Hausa, “Ke 'yar banza mai ƙahon tsiya! Uwarki ma haka ta yi ta ƙare a tukunya, kuma ni na ci ƙafarta!” Ashe abin nan kunnen talabijin ne. Mai sharhi bai ji Hausa ba, ya ce Hajja tana tsara 'yan bayanta. Amma duk gidan Bahaushen da ya kunna, daga Aljirif har ƙauyukan Jazira, ya ji. Limamin unguwarmu ya ji. Surukata ta ji.

Ƙwallo dai ba ta motsa ba. Wannan ku rubuta shi.

Da suka dawo, tafe suke a jere, jiki duk ƙasar kabari, kowa da sunan lemo a ƙugu, wani a gaba, wani a baya, wani a kife. Alƙali ya duba ƙwallo, ya ce, “Allah Ya saka, Habboba.” Ya busa. Ɗan jinya ya ja da baya, ya zabga ta sama, sai da aka ɗauko ta a kan rufin shagon wani mai faci. Haka aka tashi babu ci.

Ustaz Bashir bai ci abinci ba har aka kira zama. Aka ce a zo da ni, don mai kamfani yana son ganina. Na sa tufafin Juma'a, muka haye gada. A ɗakin akwai daraktan gidan, da mai kamfani, da Ustaza, da wani dattijon magatakarda mai rubuta yarjejeniya.

Mai kamfani ya gaishe ni har da rusunawa. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa kallon ƙwallo ba sai ran nan, kuma ta ce a tambaye ni ko ragar ta gyaru. Ya ce zai sa hannu, yadukansa ma ya yafe. Ustaz Bashir ya fara numfashi. Sai darakta ya ɗaga yatsa.

Ya ce, “Da sharaɗi. Talabijin ba ya tafiya da sa'a. A rubuta: ba za a ƙara tsayar da wasa saboda gawa ba.”

Ustaz Bashir ya sunkuyar da kai. In ya yarda, ya san yaran ba za su bi ba. In ya ƙi, gasa ta mutu.

Magatakarda ya ɗauki alƙalami, ya kai kan takarda, ya tsaya. Ya ce, “Ranka ya daɗe, da wane lafazi zan sa?”

“Yadda na faɗa.”

“A'a, ni shekaruna sun ja. Hanyar maƙabartar nan na kusa bin ta. Ga alƙalami, ka sa da hannunka.”

Darakta ya karɓa, ya jujjuya shi, ya miƙa wa mai kamfani, wai ai shi ne mai dukiya. Mai kamfani ya ɓoye hannuwansa a ƙarƙashin tebur ya ce, “Ni lemo nake sayarwa.” Aka tura wa Ustaza, ta ce ita tun gudun bunsurun nan har yanzu ƙafarta ba ta warke ba. Alƙalamin nan ya zagaye tebur ya dawo gaban magatakarda, babu wanda ya rubuta ko ɗigo.

Daga ƙarshe dattijon ya rubuta da kansa, ya karanta mana: idan wasa ya tsaya saboda dalilin da kowa ya sani, kyamara za ta ci gaba da kallon fili, mai kula da fili kuma za ta ci gaba da aikinta. Kowa ya sa hannu da sauri. Ni na dangwala yatsa, aka kuma roƙe ni in riƙa nisantar bayan raga in zan yi magana.

A bakin ƙofa Ustaza Nahid ta ja ni gefe, ta ce, “Habboba, awakin nan, ana iya shirya su su riƙa zuwa?” Na ce, “'Yata, ni korar akuya aka ɗauke ni, ban taɓa gayyatar ta ba, kuma ba zan fara da tsufana ba.”

Mun yi shekaru ana nuna mu, har yaƙin nan ya zo ya watsa kowa. Abin da na koya, mutanen talabijin ba mugaye ba ne, tsoro ne da su. Shiru suke tsoro, da fili babu kowa, gara musu akuya da hakan. Za su zo muku da sharuɗɗa masu kauri, su buga tebur, su ce duniya haka take tafiya. Kada ku yi musu gardama, kada ku ɗaga murya. In suka zo da sharaɗin da kuka san bai dace da mutane ba, ku zuba musu shayi, ku miƙa musu alƙalami, ku ce su rubuta da hannunsu.