Matar Ɗakin Kati Da Aka Ce Tana Da Girman Kai

Wata rana, a wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba, wata mata ta zo ofis da takardar ajiye aiki a cikin jakarta.

Sunanta Malama Asabe. Shekararta ashirin da shida a ɗakin kati.

Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin ya san tagarta, ta biyu daga bakin ƙofa. Nan ake miƙa kati, ta nemo fayil, ta faɗa maka ɗakin da za ka je.

A zamanin takarda babu kamarta. Kana faɗin sunanka za ta miƙe, ta nufi kantar ajiye fayil, ta zaro naka kamar jiya ta ajiye shi.

Sai aka kawo kwamfuta.

Ba koyon ne ya gagare ta ba. Cikin wata guda ta iya, har tana nuna wa wasu.

Matsalar ido ce.

Malama Asabe tana sa gilashi mai hawa biyu. Sama na hangen nesa, ƙasa na karatu. Da na saman take gane mai shigowa tun daga ƙofa. Da na ƙasan take karanta katin da ke hannunta.

To, ita fuskar kwamfuta ba nesa take ba, ba kuma kusa ba. A tsakiya take.

In ta duba ta sama, rubutu ya dagule. In tana so ta gani, sai ta matso da kujera, ta ɗaga haɓa, ta karya wuyanta baya, ta leƙa ta ɗan tsagin nan na ƙasa.

Haka take wuni, daga takwas na safe har ƙarfe huɗu.

Shekara biyu cur.

Kafin azahar ƙeyarta ta ɗauki zafi. Kafin la'asar ciwon ya sauko kafaɗa. In ta koma gida ko waiwaye ba ta iya yi, sai dai ta juya da jikinta gaba ɗaya. Ta shafa man zafi har ya kama mayafanta, wanki bai fitar da warin.

Ba ta gaya wa kowa ba.

Me za ta ce? Ta ce ba ta gani? A ofis ɗin da aka cika da matasa masu saurin hannu, waɗanda ko kallon madannai ba sa yi? Tana faɗa za a ce ta tsufa. Ita kuwa saura shekara huɗu ta yi ritaya, tana so ta fita da mutuncinta.

Abin da ba ta sani ba shi ne yadda masu tsayuwa a layi suke ganinta.

Mutum ya zo da ciwonsa, ya miƙa kati, sai ya ga mace ta ɗaga kai sama, ta tsuke ido, ta ɗaure fuska, ba ta ce masa uffan ba sai bayan minti guda.

Aka fara magana a kan benci.

“Kar ki je taga ta biyu, matar nan ji da kai gare ta.”

“Kallon mutane take ta ƙasan ido, kamar mun zo roƙo.”

Maganar ta zaga har ta dawo kunnenta. Ranar ba ta ci abincin rana ba.

Sannan aka yi kuskuren da ya fasa ƙwai.

Wata mai juna biyu ta zo awo. Lambar katinta ta ƙare da takwas, Malama Asabe ta ga uku. Aka kai wa likita fayil ɗin wata mata daban. Allah ya sa likitar ta lura kafin ta rubuta magani, amma baiwar Allah nan sai da ta yi awa uku a zaune, da tsohon ciki, ana neman inda aka samu saɓani.

Shugaban sashen, Alhaji Ɗanlami, ya kira ta ofishinsa.

“Malama Asabe, wannan shi ne na uku a wata biyu. Ga kuma ƙorafin mutane a kan yadda kike karɓarsu. Me ke faruwa ne?”

“Babu komai, ranka ya daɗe.”

“In aikin ya yi miki yawa ki faɗa. Sai a mayar da ke sito.”

Sito, inda ake jibge tsofaffin fayil da karyayyun kujeru.

Ta ce, “Allah ya huci zuciyarka,” ta fito.

Ba faɗan ne ya fi damunta ba. Fuskar mai cikin nan ce, yadda ta dafa bango ta miƙe da ƙyar. Da likitar ba ta lura ba fa?

Da ta koma gida bayan la'asar ta zauna ta rubuta takardar ajiye aiki. Da hannu ta rubuta, don a takarda idonta ras yake.

Washegari ita ce ranar da nake ba ku labari.

Ta yi niyyar in an tashi ta miƙa takardar, ta kwashe kofinta da dardumarta, shi ke nan. Ta gaji. Ba irin gajiyar da barci ke maganinta ba.

Wajen sha ɗaya wani dattijo ya iso tagarta. Farin gemu, tsohuwar jamfa mai tsabta, ya kawo matarsa ganin likita. Ya yi sallama ya miƙa kati.

Ta matso da kujera. Ta ɗaga haɓa. Ta fara laluben lamba.

Dattijon yana ta kallonta. Ta ji a jikinta, ta ce a ranta: ga wani kuma zai je ya ce na yi masa wulaƙanci.

Sai ya sunkuyo, ya rage murya yadda na bayansa ba zai ji ba.

“Malama, shekara nawa wuyan nan yana miki ciwo?”

Hannunta ya tsaya cak.

“Baba, wa ya ce maka wuyana na ciwo?”

“Babu wanda ya ce. Nawa ne ya yi shekara uku.”

Ya ce shi a gidan buga takardu yake aiki, shi ke tsara rubutu kafin a buga. Irin gilashinta gare shi, irin zamanta ya yi, har ya kai ga ba ya iya sallame salla ba tare da ya cije leɓe ba.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan abu a naɗe cikin ƙyalle. Ƙananan gilasai ne guda biyu a haɗe, da ɗan maƙali a tsakiya. Ana maƙala shi a kan gilashin da mutum yake sawa, ya rufe rabin sama. Sai saman ya koma daidai da nisan kwamfuta, ƙasan kuma yana nan na karatu. In za ka tashi, ka ɗage shi sama ko ka cire.

“Gwada ki gani. Ba lallai ya yi miki daidai ba, don kowa da awon idonsa.”

Ta waiga. Abokan aikinta kowa na harkarsa.

Ta karɓa, ta maƙala.

Ta jingina da kujera. Ta sauke haɓarta. Ta kalli gabanta kai tsaye, kamar kowa.

Ga sunan matarsa nan. Ga lamba. Takwas takwas ce, uku uku ce.

Bai zauna mata daidai ɗari bisa ɗari ba, gefe-gefe da ɗan hazo. Amma rabon da ta karanta layi guda a kwamfutar nan wuyanta a miƙe, har ta manta.

Ta cire da sauri don hawaye ya fara taruwa, ga mutane a layi.

“Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Allah ya ba Mama lafiya.”

“Amin. Ki je likitan ido ya auna ki. Ki gaya masa nisan da ke tsakaninki da kwamfutar, shi ya san wanda zai dace da ke.”

Ya naɗe abinsa, ya kama hannun matarsa, suka wuce. Ko sunansa ba ta tambaya ba.

Kun san abin takaicin?

Sashen ido na asibitin yana bayan ɗakin kati. Bango ɗaya ne ya raba su.

Ranar ta je. Aka auna ta, bayan sati guda ta samu nata.

Ba zan ce muku komai ya dawo daidai ba. Likitan ƙashi ya ce wuyan ya riga ya taɓu, sai dai lallaɓawa. Har yau in ta daɗe a zaune yana tuna mata. Waɗanda suka yi mata shaidar girman kai kuma, da yawansu ba su dawo sun ga wani abu daban ba. Da wannan shaidar suka tafi.

Amma ba ta ajiye aikin ba, ba a kuma kai ta sito ba.

Ta je da ƙafarta ta sami Alhaji Ɗanlami, ta faɗa masa gaskiyar abin da ta ɓoye shekara biyu. Ta nuna masa ɗan gilashin.

Ya karɓa ya jujjuya shi.

Sannan ya tashi ya tura ƙofar ofis, ya dawo ya zauna, ya cire nasa gilashin ya murza ido.

“Malama Asabe, ni ma shekara guda ke nan duk saƙon da ya shigo sai na sa an buga min a takarda. Cewa nake na fi son ajiye shaida.”

Ya nisa.

“Wace rana likitan idon yake zama?”

Darasi:

Ba duk wanda ya ɗaure maka fuska ne yake raina ka ba. Wani ciwo yake haɗiyewa don ya gama maka aikinka. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, tambaye shi lafiyarsa.

Kai kuma mai ɓoye lalura don kar a ce ka tsufa, ka dubi Allah ka yi magana. Wata wahalar da kake ɗauka ƙaddara ce, maganinta bai fi tafin hannu ba. Kuma ba kai kaɗai ba ne.

In kana da uwa, ko uba, ko abokin aiki da ke ɗaga haɓa in zai duba kwamfuta, tura masa wannan. Wataƙila ya daɗe yana jiran wanda zai lura.