Shekarar da Baba Ya Zama Yaron Mota

Abin da na fara gani ƙafafu ne guda biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motar, sun yi baƙi ƙirin da man inji. Na ɗauka na Baba ne. Inna ce ta aike ni tasha da kwanon tuwonsa, don a ranar za su wuce Mai'adua su ɗauki shanu zuwa kudu. Sai da na ɗaga kai na hango Baba a gidan gaba, zaune da farar rigarsa tas, yana jan carbi. Mai ƙafafun ya fito yana kakkaɓe wando. Ashe direban ne da kansa.

Shekaruna sha bakwai a lokacin, littattafan soyayyar da na karanta kuwa sun cika kwalin da nake ɓoye su. Na ga saurayi dogo mai ɗan saje, babbar mota a hannunsa, ban tsaya tambayar me ya kai shi ƙarƙashin mota alhali yana da yaron mota ba. Na koma gida na ce wa Inna ai direban Baba mutumin kirki ne, ko tsinke ba ya bari Baba ya ɗauka. Tana tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu.

"Ko tsinke?" ta ce.

Baba makaɗin kalangu ne, gado ya yi. Da shari'a ta zo ba wanda ya ƙwace masa kalangunsa, gayyata ce ta ɗauke. Biki ya koma walima, a kira malami ya yi nasiha, a raba lemo a watse. Shi kansa bai yi ƙorafi ba, ya ce dama ya daɗe yana tunanin kwanciyar kabari. Sai dai hatsin gonarmu ba ya kai mu bazara. Da furfura a gemunsa ya ce zai koyi tuƙi. Wani Alhaji mai fataucin dabbobi, wanda Baba ya sha yi wa kiɗa, ya ce zai sayi mota ta biyu kafin Babbar Sallah mai zuwa. In Baba ya iya, makullin nasa ne. In bai iya ba, akwai masu jira.

Yaron mota ba ya kawo komai gida sai gajiya. Inna ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya. Da maganar lasin tuƙi ta taso, ta jawo kayan ɗakin da ta shekara goma tana tara mini a ƙarƙashin gado, kwalla da tangaran da zannuwan gado, dillaliya ta kwashe su. Na yi irin kukan da ake yi a littafi, na kifa fuska a matashi ina jiran wani ya shigo ya rarrashe ni. Ba wanda ya shigo. Washegari muka fara suyar awara, Inna na soyawa, yaran unguwa na shigowa saye.

Direban ɗan tsofaffin maƙwabtanmu ne. Baba ne ya yi kiɗa ranar sunansa. Abin da ban gane ba a tasha, Inna ta gane daga tsakar gida.

"Malam," ta ce masa da suka dawo daga kudu, "ka taɓa riƙe sitiyarin nan kuwa?"

"Ya ce in bari sai mun sami hanya mai kyau."

"Wata bakwai hanya ba ta yi kyau ba?"

"To in ce masa me? Maigidana ne."

Haka suke. Baba ba zai roƙi maigidansa ba, shi kuma direban ba zai iya buɗe baki ya aiki sa'an ubansa ba. Shi ke wanke mota, shi ke sa waji a taya in an tsaya a gangara, shi ke ɗaure tamfol. In an sauka cin abinci ya miƙa wa Baba naman da ke kwanonsa. Ya san ba a koyon mota sai da tsawa, shi ya sa bai fara koyarwar ba.

Inna ta aika aka kira shi ranar da Baba ya tafi ta'aziyya ƙauye. Ya zauna a zaure, ita tana tsaye bayan asabari. Ni na kai masa ruwa, na kuma ƙi yin nisa.

"Ɗan nan, wa ya koya maka mota?"

"Wani ne a Mashi, Inna."

"Yana jin kunyarka?"

Ya yi dariya. "Kunya? Ai har da sifana ya taɓa jifana."

"To ga shi ka iya. Ni ban ce ka jefi kowa ba. Amma kunyar nan taka ta cinye awakina, ta cinye kayan ɗakin 'yata, saura gona. Sallah saura wata huɗu."

"Inna, Baba ne fa."

"A zauren nan Baba ne. A mota yaronka ne. In kana ganin girmansa ka sa shi aiki."

Ya daɗe yana juya kofin ruwan a hannunsa, bai sha ba. Ya ce to, ya yi sallama.

Daga makon nan Baba ya fara dawowa da riga baƙa. Tafin hannunsa ya tsattsage da igiya. Inna na dafa ruwa tana gasa masa baya, yana nishi. Sau ɗaya kawai na ji ya ce, "Yaron nan ya canza." Inna ta ce Allah ya ƙara.

Wata ranar kasuwa na sake kai tuwo, na tarar Baba ne a kan sitiyari. Ana so ya yi ribas ya saita bayan motar da tudun da ake loda dabbobi. Sau uku motar na zabura ta mutu. Tasha cike da mutane, mahauta da 'yan kamasho, rabinsu sun taɓa rawa da kiɗansa. Direban ya daki ƙofar motar da tafin hannu.

"Kai! Kurma ne kai? Na ce saki kuloci a hankali! Kalangu ne da za ka matse shi a hammata?"

Aka kwashe da dariya. Wani mahauci ya ce, "A yi masa kirari ko ya motsa!"

Baba ya ce, "To, Oga."

Ya sake tayarwa. A karo na huɗu motar ta ja baya sannu a hankali ta tsaya daidai. Ba wanda ya tafa. Direban ya zagaya bayan mota ya kama wata igiya da ke ɗaure, ya kwance ta, ya sake ɗaurewa. Na ajiye kwanon na tafi. A ranar na cire shi daga mafarkaina, na sa shi cikin mugayen da ke littattafan. Na daɗe kafin in gane ba can ne wurinsa ba.

Saura kwana goma Sallah Alhaji ya zauna kusa da Baba, suka ɗauko raguna daga Mai'adua zuwa Daura. Da suka sauka Alhaji ya ce Baba ya riƙe makullin. Gona ta tsira. Baba ya yi shekara goma sha ɗaya a hanya kafin idonsa ya hana shi.

Direban kuwa bai sake taka zaurenmu ba. Baba ya aika sau biyu yana son ya yi masa godiya, shi kuwa ya ce lodi ya riƙe shi. Bayan damina ya mayar da lodinsa Mashi. Ranar da Baba ya rasu, mijina ya ce ya gan shi a sahun baya, ya kama makara har maƙabarta, ya tafi bai jira gaisuwa ba. Yanzu ya bar tuƙi. Yana can Mashi da shagon tayoyi a bakin hanyar Nijar, gemunsa ya yi fari, 'ya'yansa tara.