Kafar da Kawu Farfesa Ya Hana a Toshe

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Kawu Farfesa a masallacin layinmu na Nassarawa, kafaɗarsa ba za ta manta ba. Kafin liman ya yi kabbara sai ka ji an fizgo hannun rigarka: "Matso! Da haka ƙwayoyin hanjinka suke tsayawa a sahu, da tuni mun kai ka makwanci." Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na tashi, na sha fizgar nan har na saba.

Kun dai san shi. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙen madubin likita, yana koya wa ɗalibai yadda ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanji da ƙoda suke manne wa juna. Ya ce kowace an ɗinke ta da maƙwabciyarta, zaren ɗinkin kuwa wasu furotin ne, babbansu shi ne kulodin. Da ya yi ritaya ya rasa ɗalibai, sai ya huce a kanmu. Tela ya kawo masa sabuwar riga, Kawu ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a aljihun.

"Haba Farfesa! Aljihu ne fa, ba tulu ba!"

"Wanda ya ɗinka hanjinka bai kawo wannan uzurin ba."

Maigadinmu ma bai tsira ba, rana ɗaya aka wayi gari sunansa Kulodin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a garinmu Ringim, Ado aka raɗa mini." Kawu ya ce, "Wancan na gida ne, wannan na aiki. Kai ka san wanda zai wuce, ka san wanda zai tsaya." Wallahi har matarsa sai da ta koma kiransa Malam Kulodin.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, mutumin da ba ya ƙaunar ganin tazara a sahu, shi ne ya bar kafa a katangar bayan gidansa. Maƙwabta suna ta ƙara tsayin katanga da waya mai ƙaya, shi kuwa ya bar 'yar hanya daidai wucewar mutum da jarka, mutanen unguwar Badawa suna shigowa ɗibar ruwa a rijiyar burtsatsensa. Da aka sace batirin janareta, Yaya Kabiru, babban ɗansa, ya iso da magini da bulo. Suka tarar da tsohon ya ajiye kujera a tsakiyar kafar, ya buɗe jarida.

"Baba, don Allah a tashi. Ta nan ɓarawon ya shigo."

"Ta nan kuma ruwa yake fita. Kabiru, hanji da ƙoda ɗinkinsu yana barin ruwa da gishiri su wuce, yana tare ƙazanta. Wadda ba ta barin komai ya wuce ita ce mafitsara. So kake gidana ya zama mafitsara?"

Magini ya yi dariya har cokalin gininsa ya faɗi. Yaya Kabiru bai yi ba. Ya ce, "To, Allah ya ja kwana," ya shige mota, mu kuma muka gane jira zai yi.

Ciwon hanji ne ya kwantar da Kawu. Na je duba shi, ya shafa cikinsa ya ce, "Ɗinkin ya fara warwarewa. Ba komai, zaren ya yi ƙoƙari." Na so in yi dariya, kuka ya riga ta.

Ranar jana'iza sahu ya kai har bakin titi, rabinsa mutanen da ba mu san sunansu ba, mun dai san jarkokinsu. Bayan sadakar bakwai sai ga maginin nan ya dawo da bulo. Malam Kulodin ya miƙe tsaye. Yaya Kabiru ya daɗe yana kallon kafar, sannan ya ce wa magini, "Ka yi musu dakali a nan. Tsofaffi suna daɗewa a tsaye."

Ya Allah, bawanka ne, mun toshe masa kabari ba mu bar kafa ko ɗaya ba, kamar yadda ka umarce mu. Ka buɗe masa taka ƙofar zuwa Aljanna, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar.