Jinin Saniyar da Ta Tsira

Shekarar da cutar bushiya ta cinye garken ƙanena a Bangi, wani mai binciken ƙwayoyin cuta ya zo da allura, yana neman jinin saniya ɗaya da ta warke.

Na tare shi. "Likita, ka wuce marasa lafiya, sai wadda ta rage muna kake bi?"

Ya ce, "Malam, jininta ya ga cutar, ya gane ta. Shi nike so in tambaya."

Zuciyata ba ta kwanta ba. Anka ɗebi jinin a gabana, na yi mata tofi, kwana bakwai ina dubanta. Alhamdu lillahi, ta rayu har ta haihu.

Shi kuwa bai dawo da amsa ba. Ku da kunka yi karatu, da gaske jini yana tuna cuta?