Malam Jatau a Bayan Sungumi

Ranar da Malam Jatau ya je neman aron rumfar injin niƙa a Sabon Gari, mai injin, Hamidu, ko benci bai nuna masa ba. Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara ce, Gusau ta cika da baƙin fuska, kowa da takarda a hammata.

"Daga la'asar zuwa kusan magariba nike so ka kashe inji," in ji Malam. "In tara ɗiyan unguwa in maimaita musu karatu. Ajina na safe su ɗari da wani abu na. Na baya ko tarina ba su ji."

"Wa ya turo ka?"

"Ba kowa."

"Malam, na yi yaron mota, na yi dillancin gyaɗa, na yi shekara bakwai a Ikko. Ban taɓa ganin wanda ya yi gumi don ba kowa ba. Mi kaka nema?"

Malam ya yi murmushi. Murmushin ne ma ya ƙara wa Hamidu zargi, ya ga gara a yi abin a gaban idonsa. Ya ce ya ba da rumfa, amma ba hoto, ba allon sanarwa, kuma duk ranar da ya gano manufar, a kwashe. Malam ya ce shi ma da nasa sharaɗin: Sadiya, ɗiyar Hamidu mai share gari a gindin inji, za ta zauna a sahun gaba, kuma ba mai ɗaga ta sai ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Suka tafa.

Tun daga ranar, da an tashi firamare, Malam zai bi wuraren gini a kan kekensa yana roƙon buhunan siminti. Ya ɓare takardar ciki mai tsabta, ya yanka, ya ɗinke da allura, ga littafi. Allonsa tsohon ƙyaure ne da ya shafe da baƙin batir. Ɗalibansa 'ya'yan 'yan dako ne da 'yan ga-ruwa da masu tuyar ƙosai. Mai talla ta aje farantinta a bakin rumfa ta shiga. Da mai saye ya zo, ba kowa a zaune kusa da farantin sai Hamidu da ya kafa kujera yana gadin Malam. Haka babban mutum mai inji ya koma sayar da dafaffiyar gyaɗa, yana yi yana tsaki.

Da farko ya ce Turawa masu ba da tallafi ake jira. Ba su zo ba. Ya ce to rumfar ake so a ƙwace da dabara. Da aka fara maganar soja za su sauka, sai ya buga cinya.

"Kansila! Wallahi kansila yaka so!"

Ana haka ruwan shuka na 1998 ya sauka ranar Alhamis, jarrabawa kuwa Asabar. Da hantsin Juma'a sai ga Baba Mu'azu, wan Hamidu, daga Nahuce. Gandun gidansu yana hannunsa, daga can hatsin Hamidu na shekara ke zuwa. 'Ya'yan Baba Mu'azu sun tafi kudu ba su dawo ba. Shi zai sara da sungumi, amma ba mai bin sa yana zuba iri, don haka ya zo ɗaukar Sadiya. Hamidu bai taɓa yi wa wansa musu ba. Yarinya ta tsaya riƙe da fensirin da ta fere tun jiya.

Aka kira Malam, ya durƙusa ya gai da tsoho.

"Baba, takardar ga sau guda taka zuwa a shekara."

"Takarda ba ta bushewa, Malam. Ƙasa kau jibi ta bushe. Kai za ka ciyar da su?"

"A'a. Amma ni zan zuba irin."

Baba Mu'azu ya dube shi daga hula har takalmi.

"Aikin yara na hwa."

"Ai da su nike aiki, Baba."

Hamidu ya ce a ransa yau asiri zai tonu, ƙuri'ar ƙauye ake farauta. Ranar Asabar ya sa uwar Sadiya ta raka ta wurin jarrabawa, ya rufe inji, ya bi su Nahuce don ya ji jawabin da kunnensa.

Ba a yi jawabi ba. Malam, mutum mai furfura, ya tuɓe takalmi, ya ɗaure riga a ƙugu, ya rungumi ƙwaryar gero, yana bin tsoho rami rami, yana zubawa yana rufewa da diddige.

"Yatsa ukku, Malam! Ba tuwo kaka ɗiba ba!" in ji tsoho.

Masu wucewa a kan jakai suna dariya. Wani ya ce, "Malam, an kore ka daga bokon ne?" Ya ɗaga musu hannu ya ci gaba. Kafin azahar baya ya riƙe, yana tafiya a duƙe, ga rabin gona ko taɓawa ba a yi ba. Hamidu yana gindin gawo yana kallo. Gonar ubansa ce, ɗiyarsa ce, ga bare yana neman faɗuwa a kai. Ya tashi ya fizge ƙwaryar.

"Kawo nan. Kada ka zaci yarda na yi da kai."

Suka dinga karɓeɓeniya har suka rufe ramin ƙarshe ranar Lahadi. Da suka dawo, Sadiya ta tare su a bakin rumfa.

"Baba, lissafin da sunka kawo duk mun yi shi nan."

Sunanta ya fito a cikin waɗanda suka ci jarrabawa. Da zaɓen kansiloli ya zo, Hamidu ya bi bangon Sabon Gari yana duba hotunan 'yan takara ɗaya bayan ɗaya. Babu Jatau. Ya dawo ya ce ƙila babbar kujera yake hari. Ita ma ta wuce. A daminar bana kuwa, iyayen yaran da kansu suka haɗa gayya, suka tafi Nahuce da 'Yandoto shuka a makon jarrabawa, ba yaron da aka ɗaga.

Kai ne, Malam, wanda aka yi wa gadi kamar ɓarawo, kana sane, ba ka taɓa ɗaure fuska ba. Kai ne ka ɗauki aikin yaro don yarinya ta riƙe fensir. Mai allon ƙyaure, uban 'ya'yan 'yan dako! Ga shi ka aje aiki a wannan wata, za ka koma garinku 'Yandoto. Sabon Gari ta gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Masu boko da ke zaman hira bayan la'asar, rumfa tana nan, yara suna nan, ku ake jira.

In ana maganar wa ya ci wa ya faɗi, Baba Mu'azu ya cika rumbu. Sadiya tana makarantar kwana. Malam ya tashi da ciwon baya da tsohon kekensa. Hamidu kuwa ya ce shi aka cuta: masu niƙan yamma sun koma wani inji, mai yi masa shara ta tafi, kuma mutumin da ya shekara uku yana jiran ya kama zai bar gari bai kama shi ba. Yanzu shi ke bin makarantu da ƙafarsa, yana neman wanda zai karɓi allin. Duk wanda ya ce zai yi, sai ya tsura masa ido ya ce, "Tsaya tukuna. Mi kaka nema?"